Layin da Auta Ta Ja a Kan Katako

Ranar Asabar ce kamar kowace. Da sassafe Auta ta fito da kofin shayi a hannu, ta tarar da babanta yana share ruwan da ya kwana a gareji. Gidansu a kan gangare yake. Ƙofar garejin a miƙe take, amma simintin da ke ƙarƙashinta ya karkace. Ta dama ƙarfen ƙofar yana taɓa ƙasa, ta hagu kuwa mutum zai zura hannunsa har wuyan hannu. Ta nan ruwa ke shiga, da ɓeraye, wani lokacin har da kwaɗi.

"Baba, kai da tsintsiyar nan kun zama aminai," in ji ta.

"To sarkin gyara, ga ƙofa nan ga ki."

Gyaran na'urorin asibiti ne aikinta. Tun tana ƙarama babu rediyo ko fitilar da ta tsira daga hannunta a gidan, kuma rabinsu ba su sake aiki ba. Da ta girma sai abin ya juya, maƙwabta suka riƙa aiko da dutsen guga da fanka. Ɗaki ta kama kusa da asibitin, amma ƙarshen mako a gida take yin sa, ta cinye abin da ke tukunya, ta tsokani mamanta, ta koma.

Da hantsi ta fita ta dawo da dogon katako da naɗin roba. Bayan azahar ta rufe ƙofar, ta jingina katakon a jikinta ta ciki, ta sa babanta ya riƙe. Ta ɗora fensir a kan wani guntun itace, ta ja shi a kan siminti daga wannan gefe zuwa wancan. Duk inda ƙasar ta hau ko ta sauka, fensirin ya bi, ya zana a jikin katakon.

"Ka gani? Ƙasar da kanta ta faɗi yadda take. Saura a yanka."

Da la'asar aka kira ta daga wurin aiki, wata na'ura ta tsaya. Ta jingina katakon a bango ta ce sai gobe. Da magariba ta dawo tana kukan ciwon kai, ta ɗan taɓa abinci, ta kwanta. Washegari aka kai ta asibitin da take wa aiki. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a kanta. Ba ta kai wata Asabar ba.

Da aka kwaso kayanta daga ɗakin haya, mamanta ta ce ba za ta iya ganinsu a cikin gida ba tukuna. Aka jera kwalayen a gareji. Damina ta wuce, rani ya zo ya tafi, babu wanda ya buɗe ko ɗaya.

Ruwan farko na sabuwar damina ya jiƙa gindin kwalin littattafanta. Malam, kamar yadda kowa ke kiran baban Auta tun yana koyarwa, ya tsaya yana kallon tabon kamar an mare shi. Ya cusa tsummokara a ramin, ruwa ya bi ta cikinsu. Ya sayo roba miƙaƙƙiya ya manna, ta dama ta naɗe, ta hagu tana lilo. Daga nan duk lokacin da hadari ya haɗo sai ya bar abin da yake yi ya nufi gareji da tsintsiya. Katakon kuwa yana nan jingine a bango.

Matarsa ce ta kira ƙaninta, kafinta, wanda yara ke ce wa Kawu. Ya duƙa ya leƙa ramin, ya miƙe ya hango katakon.

"Kai Malam, ai an gama aikin nan! Wa ya auna? Miƙo mini zarto kawai."

"A bar shi."

"A bar shi ya yi me? Gara ta ci?"

Malam ya sunkuyar da kai. Matarsa ta ce a hankali, "Auta ce ta ja layin."

Kawu ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar. Malam bai ɗago ba ya ce, "Shi ne abu na ƙarshe da ta zana a gidan nan. In ka bi shi da zarto, ya tafi."

"Haba Malam. Wa ke yanka a kan layi? Gefensa ake bi, a bar layin a jikin katako. Ja'irar nan ta sani. A shagona ta koya, bayan ta karya mini zarto da bakin tsiya wai dama ya tsufa."

Maman Auta ta yi dariya, ta share ido da gefen mayafi.

Kawu ya danne katakon da gwiwa, ya miƙa wa Malam zarton. "Kai ka riƙe mata, kai za ka ƙarasa. A hankali dai, ba jarrabawa kake maki ba."

Malam ya yanka yana tsayawa yana hure gari. Da sililin da aka cire ya faɗi, layin yana nan a bakin katakon, bai ragu ba. Kawu ya ɗaure katakon a ƙasan ƙofar, layin yana kallon ciki, ya bi gindinsa da robar da Auta ta sayo. Suka rufe. Hasken da ya saba kwanciya a kan simintin ta hagu ya ɓace.

Da yamma ruwa ya sauko da ƙarfi. Su ukun suka tsaya cikin garejin suna jin yadda yake gudu a waje yana dukan ƙarfe. Malam ya duƙa ya shafa simintin tun daga dama har hagu. A bushe yake. Ya zauna a kan wani kwali ya sauke numfashi mai tsawo.

"Alhamdu lillahi," in ji matarsa. "Tsintsiya ta huta."

Bayan 'yan kwanaki, ba tare da sun yi shawara ba, suka buɗe kwalin farko. Tufafinta suka tafi wurin 'yan'uwanta mata. Littattafan, har da waɗanda ruwa ya taɓa, abokan aikinta suka zo suka ɗauka. Kawu ya karɓi akwatin kayan gyara, ya ce ramuwar zartonsa ce. Mamanta ta riƙe kofin shayin da mayafi guda. Malam ya ɗauki fensirin da guntun itacen ya ajiye a kan tagar gareji, sannan ya shigar da motarsa, wadda ta daɗe tana kwana a waje.