Ranar da Aka Sako Baban Ƙawata

Tare 'yan bindiga suka ɗauke babana da baban ƙawata a hanyar Maradun, amma nata kaɗai aka sako. Ranar Lahadi ƙaramar majami'armu ta Talata Mafara ta shirya musu sujadar godiya. Fasto ya ce ni zan yi karatu, tunda ba na tuntuɓe a kan kalma.

Na karanta ayoyin daidai, ban tsallake ko waƙafi ba, amma zuciyata tana ci kamar garwashi. Ƙawata tana zaune ta riƙe hannun babanta, mata suna ta guɗa. Ita da ko azumi ɗaya ba ta kai ƙarshensa ba! Ni kuwa kullum sai na durƙusa, har gwiwoyina suka yi kanta. Da aka ce a tafa wa Ubangiji, na bar hannuwana a cinya.

Bayan an tashi na nufi ƙofa da sauri, sai baban ƙawata ya kira ni. Ya rame ƙwarai, muryarsa a dishe.

"Ɗiyata, ke ko barka ba ki yi min?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Barka da arziki, Baba."

"Babanki na nan da ranshi. Kowace safiya shi ka ja muna addu'a can cikin daji. Ya ce in hwaɗa miki kar ki daina, Yesu bai mance hanyar wurin ba."

Ƙyashin bai sake ni ranar ba. Amma da na isa gida na ɗauko rigar babana ta zuwa majami'a, na wanke, na goge, na rataye a ƙusa.