Tsutsotsi a tankin kifin Inna

Shekarun baya, da ciwon ƙafa ya zaunar da mahaifiyata, na sayo mata tankin gilashi da jajayen kifaye biyar a wurin wani abokina da ke kiwonsu a Ƙonni. Matar da ta saba zagaye kasuwar Illela da ƙafarta ta koma sai kallon bango. Kifayen nan suka dawo mata da fara'a, har hira take yi da su.

Bayan wata biyu, wata safiya na ga fararen tsutsotsi sirara kamar zare suna bin jikin gilashin. Ruwan ya gurɓace, kifi ɗaya ya mutu. Ni sarkin dabara, na ɗauko maganin ƙwarin da muke fesa wa wake a gonarmu ta Garu. Allah ya taimake ni na fara kiran abokin nawa.

"Mi? Maganin wake?" ya ce. "Kihin za ka kashewa, ba tsutsa ba! Abinci ne ya yi yawa yana ruɓewa ƙasa. Rage ba su, ka zuƙe dattin cikin tsakuwar ƙasan tankin da tiyo, ka riƙa canza sulusin ruwan duk bayan kwana biyu."

Na rantse masa sau ɗaya nake ba su a rana. Ya ce to akwai mai ƙara musu.

Da azahar na kama mai laifin. Inna ce, tana marmasa musu tuwo da ƙuli-ƙuli.

"Inna, ashe ke ce!"

"Ina ci suna kallona baki buɗe, in hana su? Ba a yi mini wannan tarbiyya ba."

Da na gaya mata abin da ya kashe kifin, sai idonta ya kawo ruwa. Nan na yi da-na-sanin yadda na faɗa. Washegari na miƙa mata gwangwanin abincinsu na ce, "Daga yau ke ce mai rabo. Ɗan tsunkule ɗaya, da safe." Ta riƙe aikin da gaske, har ni take hanawa. Cikin sati uku tsutsotsin suka ɓace, ruwa ya yi garau.

Har yau in na tuna sai na yi murmushi. Na koyi cewa mai yawan bayarwa ba a ƙwace masa kwano, ma'auni ake ba shi.