Ragon Isa

Ranar Babbar Sallah ta shekarar da na shiga aji uku a lakol, da la'asar, ina tsaye a ƙofar babban gidanmu da ke Birni, a Damagaram, riƙe da ƙwaryar ruwan gishiri da guntuwar tsintsiya, ina yayyafa wa sanduna biyu da babu komai a jikinsu. Raguna huɗu ne kewaye da wutar, kowanne an feɗe shi an baje shi a kan sanduna biyu da aka gitta, kitse yana ɗiga a toka. Na biyar ɗin sanduna ne tsirara. Manya suna kan tabarma suna dariya har da riƙe ciki, ni kuwa sai ƙara himma nake yi, don ba a taɓa kallona haka a gidan ba. Ban ma ji tsayawar taksin babana ba.

Kakanmu ya bar 'ya'ya maza biyar, kuma tun yana da rai al'adar gidan ita ce kowa ya kawo ragonsa ƙofar gida a yanka, a kafa su gaba ɗaya a kewaye da wuta guda, su wuni suna gasuwa. Ranar farko kayan ciki kawai ake ci, sai washegari a sauke naman a yayyanka, mu yara mu yi ta yawo da kwanoni gidajen dangi. Huɗu daga cikin 'yan'uwan 'yan kasuwa ne, kamar ubansu. Babana, Isa, shi ne auta, shi kaɗai ya kauce ya kama tuƙi, kuma ba su taɓa yafe masa ba. Baba Alhaji, babban wansu, ko sunansa ba ya kira, sai dai ya ce "direba", da irin muryar da ake kiran mai tallar ruwa. Duk da haka kowace shekara ragonmu yana cikin layi, ko da shi ne ƙarami.

Ragon waccan shekarar ni na yi kiwonsa. Wata biyar ina tashi kafin a tafi lakol in dama masa dusa da kanwa, in share turkensa, in na dawo kuma in je bakin kasuwa in tsinto masa ɓawon kankana da ganyen da masu kayan miya suka zubar. Ranar Alhamis, da babu karatun yamma, nakan wanke shi da sabulun Inna a ɓoye. A filin lakol duk yaron da ya tsaya kusa da ni sai ya ji labarin ƙahonsa, har Mushe, malaminmu, ya taɓa kama ni ina zana shi a allo, ya ja mini kunne. Saura kwana tara Sallah injin motar ya buga. Na dawo da rana na tarar da igiya kawai a turke. Inna ta ce rago ya tafi kasuwa don mota ta tashi, in mota ba ta tashi ba tukunya ma ba za ta hau wuta ba. Ban ji wannan bayani ba ko kaɗan. Abin da na sani shi ne babana ya ci amanata, kuma na ƙi gaishe shi kwana uku.

Sandunan gashi kuwa an riga an saye su tun da wuri, suna babban gida tare da na kowa. Ranar Sallah babana ya fita tun da safe yana kwasar mutane zuwa Idi, mu muka tafi Birni da Inna. Da aka gama kafa raguna, Baba Alhaji ya dubi sandunan da suka rage a jingine da bango, ya sa aka gitta su aka ɗaure, aka kafa su a gurbinmu na kullum. "Ga ragon Isa," in ji shi, "ku dinga duba shi, kada ya ƙone." Aka yi dariya. Sai ya hango ni, ya yafito ni da hannu, ya miƙo mini tsokar hanta mai zafi. "Lawali, kai ka yi kiwonsa, zo ka sa masa gishiri." Na cinye hantar, na karɓi ƙwaryar. Ba wanda ya tilasta mini, gaskiya ɗaya ce. Har salo na ƙara, ina leƙa bayan sandunan ina taɓawa da yatsa ina cewa cinya ba ta nuna ba tukuna.

Dariyar ce ta yanke, shi ya sa na waiga. Babana yana tsaye da tsohuwar rigarsa ta Sallar bara, makullin mota a hannunsa. Ya gaida yayyensa ɗaya bayan ɗaya, ya yi musu barka da Sallah, suka amsa suna kallon ƙasa. Sa'an nan ya zo ya tuge sandunan da hannunsa, ga su da zafi, ya kai su bayan mota ya rufe. Ni bai dube ni ba. Na yi ta jiran duka a ranar, da washegari, da sati mai zuwa, ina ma roƙonsa a zuciyata, amma bai zo ba. Ya ci gaba da biya mini duk abin da uba ke biya wa ɗa, yana amsa gaisuwata, sai dai ya daina ce mini "Lawalina", kuma ya daina aje mini ƙosan da yakan sayo a tasha.

Ƙafarsa ba ta sake taka ƙofar babban gida ranar Sallah ba, kuma bai sake turke rago ba, ko a shekarun da yake da hali. Da Sallah ta zagayo sai ya ce in shiga gaban mota. Haka na yi Sallolin ƙuruciyata da suka rage, a kujerar gaba, ina kallon wutar gidajen mutane ta taga, daga Birni zuwa Zongo, daga Zongo zuwa Garin Malam, hayaƙin nama yana shigo mana. Fasinjan Sallah daban yake da na kullum. Akwai matan da ke shigowa su huɗu da ƙamshin turare da sabon lalle, suna gardamar wace ce telanta ya ɓata mata ɗinki. Akwai mahauci mai sauri, wuƙaƙe a naɗe cikin buhu, gida biyar suna jiransa. Mun taɓa ɗaukar wani soja da aka kawo aiki daga nesa, ba shi da kowa a garin, ya ce mu yi ta zagayawa da shi kawai ya ga mutane. Babana yana hira da kowa, yana ba su dariya, har mamaki nake yi wai wannan ne mutumin da ke shiru a gida.

A Sallah ta biyu ko ta uku, washegarin yanka, muka ɗauki wata tsohuwa a tashar Mirriya, da cinyar rago a cikin kwano za ta kai wa 'yarta. Mai surutu ce, ta yi ta shi wa babana albarka don ya ɗaukar mata kwanon. Can ta dafa kafaɗata ta baya. "Kai ɗan direba, yaya ragonku bana, ya yi kitse?" Babana ya dube ta a madubi yana murmushi, ya ce, "Iya, tambaye shi da kyau, ai gwanin gashi ne. Ko babu nama yana iyawa." Tsohuwar ta yi dariya ba ta san dawan garin ba, ta yanko mini tsoka ta ce in ci. Na ci, yana kallona.

Na girma, na bar lakol, ni ma na kama tuƙi, don ban iya komai ba sai shi. Shekarar da na fara tuƙa motar kaina na sayi rago babba, fari, na haɗa da sababbin sanduna, na kai gidan babana ana gobe Sallah. Ya tsufa a lokacin, idonsa ya yi rauni. Na yi shekaru ina shirya maganar da zan faɗa, amma da na durƙusa sai na ce kawai, "Baba, ga layyarka." Ya shafa bayan ragon ya daɗe, ya ce Allah ya karɓa. Sai ya lalubi sandunan, ya ture su gefe, ya kira Inna ya ce ta ɗauko na cikin ɗaki. Ta fito da su a naɗe cikin tsohuwar tabarma, gefe ɗaya baƙi, igiyar da aka gitta su da ita tana nan. "Yi da waɗannan," in ji shi. "Ai ka riga ka sa musu gishiri." Na duba fuskarsa ko zan ga wasa, ko fushi, ban ga ko ɗaya ba. Sandunan sun bushe, gara ta taɓa su, washegari ina ɗora ragon ɗaya ta karye. Babana bai kai Sallah ta gaba ba.

Yanzu babban gidan Birni ya watse, Baba Alhaji ya rasu, jikokinsa kowa yana gasa nasa a ƙofar gidansa. Ni ma ina yanka duk shekara, amma da zarar an feɗe sai in bar wa maƙwabta su kafa, in ɗauki makulli in fita. 'Ya'yana suna cewa Baba ba ya son Sallah, ban taɓa gyara musu maganar ba. Ina zagaya gari da fasinjoji masu ƙamshin turare, ina ba su dariya, kuma in wani ya tambaye ni ko ragona ya yi kitse sai in ce alhamdu lillahi. Wani lokaci in na bi ta Birni na ga yaro tsaye bakin wuta da ƙwarya a hannu, nakan rage gudu har sai na tabbata akwai nama a jikin sandunan. Da dukana babana ya yi a ranar, da tuni na warke.