Bayan Ƙofa Ake Jin Tulun Mama

Ranar wata Asabar, a daminar da nake aji huɗu na firamare, Baba ya sake kinkimo lasifikokinsa biyu daga Sabon Gari, ya dire su a tsakar gidanmu na haya a Samaru, rigarsa sharkaf da gumi da yayyafi. Karo na uku ke nan da ya kai su gyara. Ina tsugunne a bakin rijiya ina wanke-wanke, ina kallo ya shiga da su falo, ya haɗa wayoyinsu da rediyo, ya sa kaset, ya zauna a kujerarsa ta tsakiyar ɗaki. Ko minti biyu ba a yi ba ya kashe. Tulun bai fito ba.

Wata biyar ke nan da rasuwar Mama. Ita ce mai buga tulu a ƙungiyar zumuntar mata ta cocinmu, babban tulun ƙasa da ake dukan bakinsa da guntun soso. Kaset ɗaya tak muke da shi na waƙoƙinsu. Muryarta ta nutse cikin muryoyin sauran mata, ba mai iya tsinto ta, amma ƙugin nan mai kauri da ke ƙarƙashin waƙar, hannunta ne ita kaɗai. Lokacin da take raye, idan aka sa kaset ɗin har kwanukan cikin kabad sai sun amsa. Bayan makoki danginta suka zo daga ƙauye suka kwashe kayan ɗakinta kamar yadda aka saba, kabad da kujerun kushin da labule da kafet, aka loda a akori-kura. Falo ya koma siminti da bango. Baba ya ɗora lasifikokin a kan benci, ya dasa kujerar roba a tsakiya, tun daga ranar kuwa tulun ya fara wasan ɓuya da shi. In ya miƙe zai ɗauko wani abu sai ya ji shi kaɗan, da ya koma ya zauna sai ya ɓace.

Baba malamin lissafi ne, kuma irin mutanen nan ne da ba sa yarda abu ya fi ƙarfinsu. Ya canza wayoyi, ya goge kan kaset da auduga, ya sauya wa jar waya da baƙar waya wuri, ya murɗa maɓalli har takardar lasifika ta riƙa karkarwa. Wani lokaci ya ce ƙarancin wuta ne. Mai gyaran, Oga Sunday, da ya gaji da ganinsa sai ya ce masa, "Malam, ƙugin bes ɗin nan lafiyarsa lau, a shagona har ƙirji yake duka. Ko kunnenka za ka kai asibiti?" Baba bai yi dariya ba, kuma bai taɓa zargin ɗakin ba.

Ni kuwa na san inda tulun yake. A lokacin na daina fita 'yar gala-gala da yaran gidan, don na tsani kallon tausayin da iyayensu mata suke yi mini. Wata rana ina shara na kunna kaset ɗin, da na kai kusurwar bayan ƙofa na durƙusa da tsintsiya, sai ƙugin ya shigo mini ta gadon baya, cikakke, kamar Mama tana bugawa a bayan bangon. Kullum in na dawo makaranta, kafin Baba ya iso, nan nake zuwa in takure. Ban gaya masa ba. Rowa ce, ba zan sa mata wani suna ba. An raba komai nata a gaban idona, ina son abu ɗaya da zai zama nawa ni kaɗai. Sau biyu ina kallo ya ɗauki kayan nan masu nauyi ya tafi neman bas, na yi shiru.

A wannan Asabar ɗin ya cire kaset ya naɗe a leda, ya ce, "Ladi, gobe bayan coci zan ba ɗaliban ɗakin baya rediyon nan. Ba zan iya jin waƙar nan babu ita ba."

Na goge hannuna a zane na kama nasa. "Baba, ba a kujera ake ji ba. Zo ka zauna nan."

Ya zauna a kan siminti bayan ƙofa, gwiwoyinsa har haɓa, na mayar da kaset na danna. Bai motsa ba har gefen kaset ɗin ya ƙare. Sannan ya ce, "Tun yaushe kika sani?" Na ce tun farkon damina. Na so a ce ya dake ni. Sai kawai ya matsa kaɗan don ni ma in samu wuri.

Daga baya na fahimci ɗaki ma yana da nasa rabon a sauti, amo mai kauri yakan taru a kusurwa ya mutu a tsakiya. Yanzu waƙar tana cikin wayata, tulun yana fita ras a mota da ofis da ko'ina, Baba kuma ya bi Mama tuni. Ina ji ni kaɗai, kamar yadda na taɓa so.