Lomar Farko ta Hajiya Jumai

Duk ranar Talata, kafin masu ciwon sukari su cika bencin asibiti a Azare, Hajiya Jumai ta riga ta share wurin, ta jera kayan awo. Ma'aikaciyar jinya ce, gajeriya, mai ƙaramar murya, amma ba ta sallamar mutum sai ta ji me ya ci jiya, kuma da wa ya ci. Mu maƙwabtanta mun sha tsokanarta cewa ta fi mai unguwa sanin tukunyar kowa.

A 2006 aka fara ba wasu majinyatanta wata ƙwaya da ke rage wa hanji saurin mayar da tuwo sukari, don kada ya kwarara cikin jini lokaci guda. Sharaɗinta ɗaya: a tauna ta tare da lomar farko. In aka sha ta ciki babu komai, an yi aikin banza.

Cikin masu shanta akwai Bubayero, makiyayi daga wata ruga kusa da Disina. Gyambo ne a ƙafarsa ya ƙi warkewa, sukarinsa ya ƙi sauka, har likita ya fara maganar yankewa. Makiyayi kuwa ƙafarsa ce sana'arsa. Ya rantse bai taɓa tsallake magani ba, kuma gaskiyarsa ce.

Hajiya ba ta musa masa ba. Ranar hutunta ta shiga motar kasuwa, ta ƙarasa rugar a ƙasa, ta zauna da matarsa Ruƙayyatu. Nan ta gano cewa a kwano ɗaya yake ci da surukansa. Cin ma da ƙyar yake yi don kunya, balle ya zaro magani a gabansu su san ba shi da lafiya. Sai ya riƙa haɗiye ƙwayar a ɓoye tun da safe kafin ya fita da shanu.

Ba ta ce masa ya bar kunya ba, ta san ba zai bari ba. Sai ta dubi Ruƙayyatu ta ce, "Kafin kwano ya fita, gutsura masa loma ɗaya a ɗaki, ya ci da maganin. Sauran ya je ya ci da mutanensa."

Shi ke nan fa. Da wannan da wankin gyambo da rage fura, ciwon ya kama hanyar rufewa. Har yau in na tuna, mamaki nake yi.

Ke ce, Hajiya, mai bin magani har bakin murhu. Ke ce ba ki taɓa kunyata majinyaci don ki warkar da shi ba.

Bana ta yi ritaya. Ranar walimarta sai ga Bubayero da sandarsa, a kan ƙafafunsa biyu. Da aka ajiye abinci ya sa hannu a aljihu, ya zaro ƙwayarsa a gaban jama'a, ya yi bisimilla, ya haɗa ta da lomar farko. Na ga Hajiya ta juya tana share ido da gefen mayafi.

Mun gode, Hajiya Jumai, Allah ya saka miki da alheri. Ku kuma da kuka gaji bencinta, kada ku tsaya a miƙa magani. Ku tambayi mutum da wa yake cin abinci.