Ƙwan Zauren Gidanmu

Mahaifiyarmu, wadda muke kira Nna kamar yadda ake yi a Bida inda aka haife ta, ta faɗi wata rana a kan hanyar banɗaki. Ta tashi yin alwalar asuba, tana laluben makunnin fitila a jikin bango, ƙafarta ta ci karo da buta, sai ga ta a ƙasa. Allah ya taƙaita, targaɗe ne kawai a wuyan hannu. Amma kafin rana ta take, yayanmu da ke Abuja ya riga ya yanke hukunci ta waya: Nna ta gama zama ita kaɗai a gidan Tudun Wada, zai zo ya ɗauke ta.

Da na isar mata da saƙon, ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Ya zo ya ɗauke ni? Ni buhun shinkafa ce?"

Na yi dariya, amma hankalina ya tashi. Na san gidan Yaya, bene ne mai tsit, maƙwabci bai san maƙwabci ba. Nna kuwa a gidan nan ta haife mu, a nan Baba ya rasu, a nan matan unguwa ke taruwa su biya karatun Islamiyya a ƙarƙashin mangwaronta. Ga wata Bafulatana mai nono da ke zuwa daga Garatu kullum da hantsi, su zauna su yi ta musu a kan ko an tsuga wa nonon ruwa. Idan aka raba ta da waɗannan, na san za ta zauna a ɗaki mai sanyi ta yi shiru, kuma shirun Nna ba alheri ba ne.

Ni ce auta, kuma ni ce mai karambanin gidan, tun ina ƙarama nake kwance rediyo in kasa mayarwa. Na ce wa Yaya ya ba ni zuwa Babbar Sallah. Ai matsalar duhu ce, kuma shi da kansa ya sa mata sola da batir tun bara, saboda haka ko an ɗauke wuta fitilu na da abin ci. Abin da ya rage shi ne fitilar ta kunna kanta kafin Nna ta sauko daga gado. Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To, auta. Amma in na zo na tarar ba haka ba, da ita zan koma, kuma ba na son dogon bayani."

Na sayo ƙwayayen fitila irin na zamani, waɗanda ake ba wa umarni da waya. Ana haɗa su da intanet ɗin gida, a ce musu ku kama a lokaci kaza, ku mutu a lokaci kaza, su kuma su bi. Na sa a ɗakinta, da baranda, da banɗaki, da falo, har da zaure, wanda a da ba ya kan batir, na jona shi don kada in bar ko'ina. Na saita su kama kafin kiran sallar farko. Na nuna mata, na latsa waya fitilar falo ta mutu, na sake latsawa ta kama. Ta ce, "Ikon Allah. Yanzu ke kina gidan mijinki can Bosso za ki iya kashe mini fitila?" Na ce ƙwarai kuwa. Ta ce, "To ki ji tsoron Allah."

Kwana biyu abin ya yi aiki, ina ta fankama a rukunin hirar gidanmu. Daga nan sai na buɗe waya da safe na ga duk ƙwayayen sun yi toka-toka, manhajar na cewa ba ta same su ba. Na kira Nna, ta ce ai da tocila ta yi alwala. Na hau adaidaita na je, na tarar da kowane makunni na bango a kashe. Irin wannan ƙwai kuwa dole wuta ta riƙa shiga cikinsa kullum, ko yana haske ko ba ya yi, don da ita yake sauraron umarni. In aka yanke masa ita daga bango ya zama kurma, ko wa ya yi magana ba zai ji ba.

Na ce, "Nna, don Allah ki daina taɓa makunnan nan."

Ta ce, "Ni? Ban taɓa komai ba."

Na tabbata ba ƙarya take yi ba, Nna ba ta iya ƙarya ba. Sai na ɗora laifin a kan jikokin maƙwabta, na samo salatif na liƙe kowane makunni a kunne. Washegari na tarar ta ɓare su tas, ta dunƙule salatif ɗin ta ajiye mini a kan tebur. Ta ce, "A gidana za ki ɗaure mini hannu? Bangon nan kafin a haife ki nake taɓa shi."

Nan na ce to bari in bi ta wata hanyar. Tun da hannu ba zai daina zuwa bango ba, sai in sa makunni shi ma mai jin umarnin waya, in an kashe in kunna daga gidana. Na kira mai gyaran wuta, wani Bagware mai yawan raha da ke kiran kowa "Hajiya" ko da jaririya ce. Ya buɗe makunnin farko ya leƙa, ya ce akwai aiki. Gidan tsoho ne, kebul ɗin da suke kira nutural bai sauko cikin akwatin makunni ba, sabon makunni kuwa ba ya rayuwa sai da shi. Ya hau silin ya yini yana jan kebul, yana atishawa yana faɗa da ƙadangaru, Nna tana ƙasa tana yi masa gargaɗin kada ya faɗo mata a kan kwanukan tangaran.

Aikin ya yi kyau, makunnai farare fes. Amma wallahi sai abin ya ƙara lalacewa. Yanzu shugabanni biyu ne a kan fitila ɗaya. Makunni ya yanke wuta, ƙwai ya kurmance. In na kunna makunnin daga waya, ƙwan ya farka yana neman intanet, wani lokaci ya samu, wani lokaci ya yi ta lalube. Wani lokacin kuma ƙwan ya kashe kansa bisa saiti, Nna ta zo ta danna makunni tana son haske, ashe yanke wutar ta yi. Sai ta fusata ta hau dannawa, tak tak tak, ba ƙaƙƙautawa. Ni ban gaya mata ba, ashe haka ake goge wa ƙwan duk abin da ya haddace. Sai ya shiga ƙiftawa yana sauya launi, ja, kore, shuɗi, yana jiran a sake koya masa daga farko.

Mai nono ce ta fara gani da ta shigo da hantsi. Ta tsaya a baranda da ƙwarya a kai tana kallon sama, ta ce, "Inna, biki ake yi ba a gaya mini ba?" Nna ta kira ni tana dariya har da tari, ta ce in zo in kwashe gidan rawar da na kafa mata. Ni kuwa dariyar ba ta zo mini ba. Sallah ta matso, raguna sun fara cika bakin titi, kuma Yaya ya fara tambayar girman akwatin kayanta.

Ranar na ce ba zan koma gida ba sai na ga abin da ke faruwa da idona. Na zauna muna tsince shinkafa bayan la'asar, tana ba ni labarin wata rigimar gado a Wushishi. Can sai firij ya yi gum, injin niƙan maƙwabta ma ya tsaya. An ɗauke wuta. Mu da muke jihar da madatsun ruwa ke ba ƙasa lantarki, wannan ba labari ba ne, ko ɗaga kai ban yi ba, tun da fanka na ci gaba da juyawa da batir.

Nna kuwa sai ta ajiye faifai ta miƙe, ba ta ma katse labarin ba. Ta gyara ɗaurin zane, ta nufi falo, tak. Ɗakinta, tak. Kicin, baranda, banɗaki, tak, tak, tak. Ta sunkuya ta kashe soket ɗin akwatin intanet. Duk tana yi tana ce mini, "Sai ƙanin mamacin ya ce shi bai yarda ba." Ta je bakin zaure ta tsaya, ta ɗaga kai ta dubi ƙwan, ba ta taɓa makunninsa ba, ta dawo ta zauna ta ɗauki faifai.

Na ce, "Nna, me kika yi yanzu?"

Ta ce, "Me na yi?"

Ni kuwa na riga na gane tafiyar. Zagayen Baba ne. Tun muna yara aka taɓa dawo da wuta da ƙarfin tsiya ta ƙone masa talabijin da rediyo a tashi ɗaya. Daga ranar, da zarar an ɗauke, sai ya miƙe ya bi gidan ɗaki-ɗaki yana kashe komai, kullum ta hanya ɗaya, falo ne farko banɗaki ne ƙarshe. Ƙwan zaure kaɗai yake bari a kunne, don shi ne zai gaya mana an kawo. Mukan zauna a tsakar gida muna satar kallonsa, wanda ya fara ganin ya kama ya ƙwala ihu, sannan Baba ya jira kaɗan wutar ta natsu ya sake zagayawa yana kunnawa. Da ya rasu Nna ta ɗauki zagayen ba tare da ta sani ba, har da yadda yake tsayawa a bakin zaure.

Na tuna mata. Ta juya shinkafa da yatsa. Sannan ta ce, "Da ina kashewa, in na ga zaure ya kama in tashi in kunna. To tun da kika sa naki ƙwan a can, kullum a kunne yake, ko akwai wuta ko babu. Ni ban ƙara sanin an kawo ba. Sai in yi ta jira har barci ya ɗauke ni."

Kai, na ji tausayinta har cikin raina. Ashe duk kwanakin nan tana zaune tana jiran ƙwan ya yi mata magana.

Daga nan na daina tunanin hana ta zagayen. Na koma cikin saitin makunnan na yi ta tono, har na samo wurin da ake raba maɓallin da wutar. In aka saita shi haka, wuta na wucewa zuwa ƙwai kullum ba yankewa, dannawa kuma saƙo kawai take aikawa, a ce wa ƙwai mutu ko kama. Na gwada a banɗaki. Na danna, ya mutu. Na duba waya, ga shi nan raye yana saurare. Na hau dannawa irin ta Nna, tak tak tak, har yatsana ya gaji, ko ƙiftawa bai yi ba. Na yi guɗa ni kaɗai a ƙofar banɗaki kamar wadda aka yi wa albishir.

Akwatin intanet kuwa na sa mai gyara ya mayar da shi saman kabad, ya ba shi layin batir marar makunni. Sannan na roƙe shi aiki na ƙarshe. Na ce ya cire ƙwan zamani daga zaure, ya raba layin da batir, ya mayar da shi kan wutar gari kai tsaye. Tsohon makunnin baƙi yana nan cikin kwandon Nna, ba ta yar ba. Na sayo ƙwai na gargajiya mai jan haske a shagon bakin masallaci. Mai gyaran ya ce, "Hajiya, kowa yana gaba ke kina baya?" Na ce ya ɗaura kawai.

Yaya ya iso ana jajibirin Sallah, da mota babba wadda ya kwantar da kujerun bayanta, kowa ya san dalili. Ya bi makunnan ɗaya bayan ɗaya yana dannawa, fuska a murtuke kamar mai binciken makaranta. Ya kwana a falo. Da safe na zo da tuwon shinkafa, ya ce mini a gajarce fitilar baranda da ta banɗaki sun kama tun kafin ladan ya buɗe baki, har sun tashe shi. Amma ya ce kwana ɗaya ba hujja ba ce, shi dai hankalinsa bai kwanta ba.

Da yamma muna tsakar gida ana suyar nama aka ɗauke wuta. Nna ta ajiye matsami ta miƙe. Falo, ɗaki, kicin, baranda, banɗaki. Na ga Yaya ya bi ta da ido, naman da ya ɗauka ya tsaya a hannunsa. Da ta tsaya a bakin zaure ta ɗaga kai, sai ya sunkuyar da nasa. Na miƙa masa wayata ya ga duk ƙwayayen na nan raye suna jiran asuba, ya karɓa ya duba ya miƙo mini.

Magariba ta kawo jiki, muna zaune ana hira sama-sama. Sai zaure ya yi ja.

"An kawo!"

Yaya ne. Mutum mai furfura a gemu, mai 'ya'ya a jami'a, ya miƙe tsaye yana nuna zaure da yatsa, muryarsa har maƙwabta. Ni da Nna muka fashe da dariya, shi ma ya biye mana, yana yi yana goge ido da hannun riga yana cewa hayaƙin suya ne.

Nna ta ce, "Kullum kai ne kake riga kowa." Ta dafa gwiwa za ta tashi zagayen kunnawa, ya ce ta zauna. Ya ɗan jira wutar ta natsu, sannan ya bi gidan da kansa, falo ne farko banɗaki ne ƙarshe.

Bayan Sallah ya ɗaga kujerun motarsa, ya cika bayanta da soyayyen nama da doya. Nna ta rako shi har zaure, ta tsaya a ƙarƙashin ƙwan tana ɗaga masa hannu, tana ce masa ya gaida yara.