Ndatsu da Tanderun Hajiya Jummai

Matso nan kusa, ga benci, kada ka tsaya mini a kai. Mutumin da zan ba ka labarinsa bai iya zama ba, to bari mu mu zauna a madadinsa.

Sunansa Ndatsu, Banufe ne haifaffen Bida, mai gyaran kayan lantarki. Ya shigo Minna a shekarar da aka yi jiha, 1976, da akwatin ƙarfe ɗaya da sukudireba a aljihun gaba. Ya yi shekara huɗu yana bin masu jan waya a sababbin gidajen ma'aikata, sannan ya buɗe rumfarsa a Ketaren Gwari. Rumfa ce dai a suna, don ba a samunsa a ciki. In ka je, fanka da dutsen guga za ka tarar a jere, sai maƙwabci ya ce maka, "Yanzun nan ya fita." Siriri ne mai saurin magana, ko shayi a tsaye yake sha. Matarsa Murja kan ce in ya zauna cin tuwo ƙafarsa ɗaya rawa take yi kamar ta mai keken ɗinki.

To, a 1988 Hajiya Jummai mai gidan burodi a Fadikpe ta rushe tsohon tanderunta na bulo, ta sayo na lantarki daga Kaduna. Ndatsu ne ya haɗa mata shi. Aka yi wata biyar lafiya lau, sai burodi ya fara ƙonewa. Akwai agogo a jikin ƙofar mai nuna zafi. Ɗari biyu ake so, amma allurar sai ta kafe a ɗari, jar fitilar gargaɗi ta kama, in an buɗe a tarar da burodi ya yi baƙi ƙirin.

Mai gashin wani dattijo ne, Baba Sanda, jikan Katsinawan da aikin reluwe ya kawo garin. Shekara talatin yana gasa burodi da itace. Shi ba ruwansa da agogo, bayan hannunsa yake kaiwa bakin ƙofa. Ya ce wutar ta yi yawa. Hajiya ta ce agogo ya ce ba ta ma kai rabi ba, a bar burodi ya cika lokacin da takardar tanderu ta faɗa. A ranta kuwa ta riga ta yanke cewa tsohon yana murɗa wani abu a ɓoye, don haushin tanderun bulo da aka rushe.

Sau biyu Ndatsu ya zo, duk bayan la'asar, an gama gashi an share wuri. Ya sa mitarsa ya auna waya ɗaya bayan ɗaya. Ya kunna tanderu ba komai a ciki, allura ta hau har ɗari biyu, wuta ta yanke da kanta.

"Lafiyarsa ƙalau, Hajiya," in ji shi a zuwa na biyu.

"To ai shi ke nan," ta ce. "In tanderu lafiya yake, mai gashi ne ba lafiya. Ranar Asabar zan sallame shi."

Ran Laraba ke nan. Ndatsu ya hau Besfarsa, maganar ta hau tare da shi. Da bakinsa ya wanke tanderu daga laifi, ga shi za a kori mutum. Ran Alhamis ya kwance fankar wani ya manta yadda take. Ya tashi ya tafi Maikunkele ba wanda ya aike shi, ya juyo. Ya zana wayoyin tanderun a bayan kwalin sukari, ya yage, ya sake zanawa. Da rana Murja ta ajiye masa shinkafa, yana ta zagaya tsakar gida da cokali a hannu.

"Malam, ka zauna ko ka fita, kana sa ni jiri," ta ce. Da ya zayyana mata, sai ta tambaya, "Yaushe yake ƙona burodin?"

"Da safe."

"Kai kuma yaushe kake zuwa?"

Ya tsaya cak.

"Likitan da ke zuwa sai zazzaɓi ya sauka," in ji ta, ta ci gaba da tsince wakenta.

Ran Jumma'a ƙarfe bakwai yana gidan burodi. Baba Sanda na jera kwanonin ƙulli, ya ɗago ya harare shi. Ka san Katsinawa da Nufawa abokan wasa ne.

"Banufe, ka zo ka ƙarasa ni? Wa ya ce a ba mai kamun kifi aikin wuta?"

"Baba, yi aikinka. Yau ido na kawo, ban kawo mita ba. Bakatsine dai ba ya rasa abin da ya ɓoye."

Tsoho ya buɗe ƙofa ya shigar da kwanoni. Sai ya ɗauko wani gwangwanin tumatir babba mai marikin waya, ya cika shi da ruwa, ya miƙa hannu can ƙurya ya rataye shi.

"Tsaya! Mene ne wannan?"

"Ruwa mana. Kai ba ka san tururi ke sa bayan burodi laushi da sheƙi ba? Haka maigidana ya koya mini. A tsohon tanderu ƙusa muka kafa a bango. Wannan kuwa Turawa sun hutar da ni, da ƙusarsa ya zo."

Ndatsu ya durƙusa ya leƙa. Abin da tsohon ke kira ƙusa wani siririn ƙarfe ne kamar fensir. Shi ke jin zafi ya sanar da agogo, shi kuma ke sa wuta ta yanke in ta isa. Wata biyar yana ɗaukar gwangwani, a hankali ya lanƙwashe, har bakinsa ya nutse cikin ruwan. Ruwa kuwa komai tafasarsa ba ya wuce ɗari. Sai ƙarfe ya yi ta cewa da saura, wuta ta yi ta ci, burodi ya yi ta ƙonewa. In an gama gashi Baba Sanda ya cire gwangwaninsa ya wanke, ƙarfe ya koma faɗin gaskiya.

Ndatsu ya yi wa Baba Sanda bayani. Tsoho ya goge hannu a jikin rigarsa.

"Ashe ni ne."

"Hannunka ya faɗi gaskiya, Baba. Wutar ta yi yawa."

"Hannun ne kuma ya rataya gwangwani. In Hajiya ta zo ka gaya mata duka. Ban tsufa da a rufa mini asiri ba."

Ndatsu ya miƙe ƙarfen a hankali da filaya, yana lallaɓawa kada ya karye, don babu irinsa a Minna. Ya ajiye gwangwanin a ƙasan tanderu, ya rufe, ya kunna. Ya fita waje, ya dawo, ya sake fita. Allura ta wuce ɗari, ta yi ta hawa, ta tsaya a ɗari biyu. Jar fitila ba ta kama ba.

Ƙarfe tara Hajiya ta iso, ƙamshi ya tare ta tun daga ƙofa. Ta ɗauki burodi ɗaya ta juya shi, ta latsa.

"Hajiya, ki yafe ni," in ji Ndatsu. "Sau biyu na ce miki lafiya, kuskure na yi. Ƙarfen da ke jin zafi ne ya lanƙwashe. Agogo ke ƙarya, Baba ne mai gaskiya."

"Me ya lanƙwasa shi?"

Baba Sanda ya buɗe baki. Ndatsu ya take masa ƙafa da takalmi.

"Siririn abu ne, Hajiya, ga wuta kullum. Na dai miƙe shi."

Ta dubi tsohon, ta gyara mayafi. "To Baba, a yi haƙuri. A sa na biyu, masu shayi na jira."

Washegari Ndatsu ya ɗaura wani ɗan kanta na ƙarfe a kusurwar tanderu don ajiye ruwa. Hajiya ta yi ta gaya wa mutane dabarar Banufenta ce ta sa burodinta ya fi na kowa sheƙi. Baba Sanda ya ƙara shekara shida a wurin, har gwiwoyinsa suka gaza. Amma wata guda ya yi ba ya amsa gaisuwar Ndatsu, wai an mai da shi abin tausayi a gaban mace sa'ar ƙanwarsa. Hajiya kuwa har ta bar sana'ar ba ta ji sauran zancen ba.

Da kai ne a tsaye a wurin, filaya a hannu, tsoho ya ce a faɗa, aikinsa kuma na rataye a bakinka, da ka bar shi ya yi magana, ko kai ma da ka take ƙafar?